Wai Yaushe Za a Sa Kiɗan?

Kwanakin baya na kunna wa wani abokina wani bidiyo da na kwana uku ina maimaitawa. Mutum ɗaya ne zaune a kan kujera a wani ɗan ɗaki, jita a cinyarsa, makirfo a gabansa. Babu ganga, babu 'yan amshi. Waƙoƙi uku ya yi a jere, duk nasa. Ta farko da jita, ta biyu da wata 'yar abar kiɗa mai tsirkiya 8 da ake kira mandolin, ta uku kuma ya koma kan fiyano, da hamonika maƙale a wuyansa yana busawa tsakanin baiti da baiti.

Abokina bai kai minti ɗaya yana sauraro ba ya ɗago kai ya ce, "Malam, wai yaushe za a sa kiɗan?"

Na ce ai kiɗan ke nan kake ji. Ya yi dariya, ya ce shi wallahi ya zaci gwaji ake yi kafin a fara.

Ba da wata manufa ya faɗa ba, shi ya sa ma maganar ta tsaya mini a rai. Mutum ne mai son waƙa, wayarsa cike take da su. Amma kunnensa ya saba da cewa in babu dukan ganga mai girgiza ƙirji tun daga daƙiƙar farko, to ba a fara ba tukuna. Na kuma san ba shi kaɗai ba ne.

Ga inda na tsaya. Mawaƙin da ke rubuta waƙarsa, ya ɗora mata kari da kansa, ya kaɗa ta da hannunsa a kan kayan kiɗan da ba a jona da lantarki ba, yana ba mai sauraro abin da ba kasafai ake samu a sauran waƙoƙin zamani ba. In kuma ya iya kayan kiɗa fiye da ɗaya, abin ya ƙara armashi. Idan muka ji irin wannan waƙa muka ce babu komai a cikinta, kunnenmu ya kamata mu fara tuhuma kafin mu kai ga mawaƙin.

Ba zan ambaci sunan mutumin ba, don ba talla na zo yi masa ba, kuma irinsa suna nan a kowace nahiya. Tsintarsa na yi. Da dare ne ina aiki, na bar waya tana zuba waƙoƙi yadda ta ga dama, can sai na ankara na daina rubutu ina sauraro.

"Ai babu komai a ciki"

Bari in fara da ƙorafin abokina, tunda shi ya fi yawa a bakin mutane.

Akwai abubuwa da yawa a ciki, sai dai ba sa ihu. Ɗauki waƙar farko. Jita tsirkiya 6 gare ta. Babban yatsansa na dama yana kan masu kaurin, yana ba da amo mai zurfi, irin wanda a situdiyo wani mutum daban ko na'ura ke bayarwa. Sauran yatsun suna kan siraran suna fitar da karin waƙar. Jifa-jifa sai ya sauke gefen tafinsa a kan katakon jitar, ka ji "dum". Ga gangar da abokina ke nema nan. Aikin mutum uku ne a hannu ɗaya, ga kuma baki yana rerawa.

Sautin kansa daga katako yake fitowa. Tsirkiya ta girgiza, girgizar ta ratsa fuskar akwatin jitar, iskar da ke ciki ta amsa. Shi ya sa jita ɗaya ba ta yin amo ɗaya a hannun mutum biyu. Mai kaɗawa da farce daban, mai kaɗawa da tsokar yatsa daban.

Sannan ga wasu ƙananan abubuwa da aka saba gogewa a situdiyo, irin ƙarar yatsa in ya zame a kan tsirkiya, da jan numfashi kafin doguwar gaɓa. Da farko aibi na ɗauke su. Daga baya na gane su ne ke sa ka ji kamar kana zaune a ɗakin.

Babban abin da kunnenmu ya manta shi ne hawa da sauka. Yawancin waƙoƙin da ake fitarwa yau ana matse sautinsu a na'ura, a ɗaga wuraren da suka yi ƙasa, a danne waɗanda suka yi sama, domin waƙar ta fito da ƙarfi ɗaya daga farko har ƙarshe, a ji ta a cikin mota, a ji ta a 'yar lasifikar waya. Akwai hikima a yin haka. Amma kamar mutum ne da ke yi maka magana da murya ɗaya, ko labarin haihuwa ya kawo ko na rasuwa. Mawaƙin nan a baiti na uku ya sauke murya har sai da na matso da wayar, da ya iso amshi ya sake ta, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Da bai yi ƙasa ba, da hawan bai taɓa ni ba.

Rashin haƙurin namu ma ba daga sama ya faɗo ba. A manhajar sauraron waƙa ta Spotify sai an saurari waƙa na daƙiƙa 30 ake lissafa ta a matsayin an ji, kuma da wannan lissafin ake raba kuɗi. To wa zai ɓata daƙiƙa 40 yana shimfiɗa da jita? Dole a jefo maka amshi tun ba ka gyara zama ba. In aka shekara da shekaru ana yi wa kunne haka, sai ya koyi cewa duk abin da bai cafke shi nan take ba ɓata lokaci ne.

A 2008 wasu ma'aikatan gidan rediyon NPR na Amurka su biyu, Bob Boilen da Stephen Thompson, sun je sauraron wata mawaƙiya mai sanyin murya, Laura Gibson, a birnin Austin na jihar Texas. Hayaniyar mutanen wurin ta hana su jin komai. Thompson ya ce cikin raha ai gara ta zo ta yi wasanta a teburin Boilen a ofis. Ta kuwa zo. Daga nan shirin Tiny Desk ya samo asali, wanda yau manyan mawaƙan duniya ke zuwa su tsaya a bayan tebur, cikin tarkacen littattafai da faya-fayai, su rera ba kwalliya. Murya ɗaya matar ta yi amfani da ita a Austin da kuma ofishin nan na Washington, amma a ofishin kaɗai aka ji ta.

"Taura biyu ba ta taunuwa"

Wani zai ce wanda ya rarraba kansa tsakanin jita da fiyano da mandolin da abin busa ba zai ƙware a ko ɗaya ba. Akwai gaskiya a ciki. In ana maganar gudun yatsa, wanda ya ba goge shekara 30 shi kaɗai zai yi wa mai taɓa nan taɓa can fintinkau. Mutumin da nake magana a kai ma fiyanonsa ba na a zo a gani ba ne. Ɗalibin makarantar kiɗa zai iya fin shi.

Sai dai shi waƙa yake ginawa, kuma ga mai gina waƙa, kowane kayan kiɗa da inda yake jan tunani.

Fiyano ya shimfiɗa maka dukkan sautuka a jere, maɓallai 88, yatsu goma na iya sauka lokaci ɗaya, don haka waƙar da aka haifa a kansa takan zo da faɗi da nauyi. Jita iyakarta inda yatsun hagu za su iya miƙewa, sai ta tura ka ga bugu da maimaici. Mandolin sautinta ba ya daɗewa, kana taɓawa yana mutuwa, dole ka yi ta karkaɗa hannu in kana so ya tsaya, shi ya sa waƙarta kan zo da garaje, ko da rawar murya irin ta mai shirin kuka. Abin busa kuwa numfashi ne iyakarsa. Duk layin da za ka yi da shi tsawon numfashi ɗaya ne, kamar magana.

Wanda ya san hanya ɗaya, duk inda za shi ta nan zai bi. Shi ya sa za ka ji kundin wani mawaƙi, waƙa 12, kamar waƙa ɗaya ce aka yi ta canza wa kalmomi. Hannunsa ne ke komawa inda ya saba. Mai kaya uku in ya ga hannu ya fara yi masa haka, sai ya jingine wannan ya jawo wancan, waƙar ta bi wata hanya da shi kansa bai zata ba.

Joni Mitchell, 'yar Kanada, ta kamu da shan inna tana shekara 9, abin ya raunana mata hannun hagu. Da ta zo koyon jita, yatsunta suka ƙi danna tsirkiyoyi yadda littafi ya ce, sai ta riƙa sassauta wannan tana ɗaure waccan har jitar ta dace da hannunta. Ta ƙare da hanyoyin ɗaure jita fiye da 50. A kundinta na 1971 mai suna Blue, wasu waƙoƙin a jita ta yi su, wasu a fiyano, wasu a kan dulcimer, wani kayan kiɗa mai tsirkiya da ake kwantarwa a cinya. Ko ba ka jin Turanci za ka ji cewa na fiyanon sun fi nauyi, na dulcimer kuma galibi sun fi sakewa.

Ali Farka Touré na Mali, wanda ya rasu a 2006, da kaya masu tsirkiya ɗaya ya fara, njurkel da kuma njarka, wadda ake gogawa kamar kukuma. Da ya koma jita, abin da ya saba yi a kan tsirkiya ɗayan nan ya kwaso ya zuba mata. Turawa suka ji suka ce ai blues ne irin na Amurka. Shi kuwa bai taɓa yarda cewa aro ya yi ba.

Akwai fa 'yan burga, ban manta da su ba. Na sha ganin bidiyon wanda ya raba allo gida tara, a kowane gida shi ne riƙe da wani abu daban. Ka gama kallo ka ce kai, ya iya, amma ko layi ɗaya ba ka riƙe ba. Yawan kaya ba ya mai da mutum mawaƙi. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi rayuwarsa har ya rasu a 2015, kuma ban taɓa jin wanda ya saurare shi ya ce a ƙaro masa tsirkiya ba.

Ni in mutum ya iya kaya biyar, waɗanda ya bari a jingine nake dubawa. Nick Drake, ɗan Ingila, ya iya jita da fiyano, ya kuma koyi kayan busa tun yana makaranta. A ƙarshen 1971 ya shiga situdiyo dare biyu kacal, ya ɗauki waƙoƙi 11, minti 28 gaba ɗaya, daga shi sai jitarsa. A waƙa ɗaya tak ya ƙara ɗan fiyano. Kundin ya fito a 1972 da sunan Pink Moon. Ya san sauran kayan, ya ga waƙoƙin ba sa buƙatarsu, ya bar su. Mutumin nawa ma da ya so, da ya cika waƙar farkon da mandolin da hamonika. Suna nan kusa da ƙafarsa, bai taɓa su ba.

"Kwamfuta ma ai kayan kiɗa ce"

Wannan ne ƙorafin da ya fi ƙarfi, kuma na daɗe ina juya shi a raina.

Mai wannan magana zai ce yaron da ke zaune gaban kwamfuta yana jera sautuka, yana kwana a kan daƙiƙa huɗu har sai sun zauna, shi ma fasaha yake yi. Na yarda. Zai ƙara da cewa ba kowa ke da halin mallakar fiyano ko samun malamin koyarwa ba, alhali manhaja a waya ta buɗe ƙofa ga wanda a da ba shi da hanya. Wannan ma haka ne.

Zai ma iya ɗaure ni da igiyata. Duk mawaƙin da ya fitar da waƙa aka ce shi kaɗai ya kaɗa komai, na'ura ce ta ba shi dama, don mutum hannu biyu gare shi. Sai ya ɗauki jita, a mayar masa a kunne, ya ɗora fiyano a kai, a sake mayarwa, ya ɗora murya. A 1941 Sidney Bechet, mabushin jazz ɗan New Orleans, ya yi haka da kaya 6, a lokacin da faifai ake ɗorawa a kan faifai. Paul McCartney ya fitar da kundi a 1970 wanda shi ya kaɗa komai, yawancinsa a gidansa. Prince yana ɗan shekara 19 ya fitar da nasa na farko a 1978, aka rubuta cewa kaya 27 ya kaɗa. Babu ɗaya daga cikinsu da zai yiwu ba na'ura.

Ba na kuma son shiga sahun waɗanda suka yi wa mawaƙin Amurka Bob Dylan ihu a bikin waƙa na Newport a 1965 don ya hau dandali da jitar lantarki. Lantarki ba zunubi ba ne.

Ga inda muka rabu. Akwai na'urar da ke adana abin da hannu da maƙogwaro suka yi, akwai kuma wadda ke yin abin da suka kasa. Auto-Tune, wadda injiniya Andy Hildebrand ya fitar a 1997 bayan ya yi shekaru yana nazarin amon ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur, aikinta ta kamo muryar da ta kauce ta mayar da ita kan kari. Akwai wata dabarar kuma da ke jawo kowane bugu ta ajiye shi daidai kan lokaci, ko mai bugun ya makara ko ya yi gaggawa. In a fili aka yi don ado, kamar yadda Cher ta yi a 1998 muryarta ta koma kamar ta mutum-mutumi, ba ni da ta cewa. Salo ne, kowa ya ji ya san an yi. Na ɓoyen ne ke damuna, wanda ke sa duk muryoyi su fito sumul, har ka kasa bambance wanda ya iya da wanda aka iya wa.

Kuma abin da ake gyarawar sau da yawa shi ne daɗin. Mawaƙi yakan jinkirta kalma da gangan ta faɗo bayan bugu, yakan shiga sauti ta ƙasa ya hau a hankali. Na'ura duk kuskure take ganinsu.

Ranar 11 ga Yunin 1988 an yi gagarumin taron waƙa a filin Wembley na Landan, na cikar Nelson Mandela shekara 70, yana kurkuku a lokacin. Stevie Wonder zai hau dandali, sai aka nemi faifan da ke ɗauke da sautukan na'urarsa aka rasa. Ya fasa hawa. Ga dubban mutane suna jira, ga kyamarori suna watsa wa duniya. Masu shiri suka sake turo wata matashiya 'yar shekara 24, Tracy Chapman, wadda ta riga ta yi nata wasan, domin ita ba sai an haɗa mata komai ba, makirfo ya ishe ta. Ta fito da jita ɗaya. Daga wannan rana sunanta ya zagaye duniya.

Ba ina cewa ta fi Stevie Wonder ba ne. Shi kansa gwanin fiyano da ganga da hamonika ne, kuma daga baya ya hau dandalin a ranar. Amma a daidai lokacin da na'ura ta ba da kunya, waƙar da ke iya tsayawa da ƙafarta aka nema. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In aka tuɓe wa waƙa duk kwalliya, aka bar murya da katako da tsirkiya, nan take ake sanin ko akwai waƙa a ƙarƙashi. Wasu shahararrun in aka yi musu haka, sai ka tarar kalma biyar ce ake ta juyawa.

"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka"

A nan zan sassauta. Mai yin komai shi kaɗai ba shi da wanda zai ce masa, "Malam, baitin nan ya yi tsawo." Na ji kundayen irin waɗannan mawaƙa da ke buƙatar almakashi. Kuma akwai daɗin da ba ya samuwa sai mutum huɗu sun zauna suna kallon juna, wannan ya jefa, wancan ya cafe.

Rubuta waƙa da kanka ma ba sharaɗin girma ba ne. Ummu Kulsum ta Masar, irin su Ahmad Rami ne ke rubuta mata, irin su Riyad al-Sunbati su ɗora kari, ga rundunar makaɗa a bayanta, kuma har ta rasu a 1975 babu wanda ya kama ƙafarta. Wanda ya ce ita ba cikakkiyar mawaƙiya ba ce don ba ta riƙe alƙalami ba, ya yi ɓatan kai.

Duk da haka mai haɗa duka yana da abin da rabon aiki ba ya bayarwa cikin sauƙi. Kalma da kari a wurinsa tare ake haifarsu. Yana kaɗawa yana gunguni, wata gaɓa ta faɗo, ta jawo kalma, kalmar ta sa ya canza bugu. A waƙa ta biyu ta mutumin nan, akwai inda yake maganar wani da ya tafi bai yi sallama ba. Daidai nan ya tsayar da mandolin cak, ya bar kalmar ita kaɗai na kusan daƙiƙa biyu. Wanda ya rubuta layin ya fi kowa sanin cewa nan ne wurin yin shiru, kuma tsirkiyar a hannunsa take, ba sai ya yi shawara da kowa ba.

Ba shi kuma da wanda zai ɗora wa laifi. In kalmomin sun yi rauni nasa ne, in yatsa ya kauce nasa ne. Ina jin wannan na sa mai sauraro ya saki jiki da shi, kamar yadda kake yarda da wanda ya tako da ƙafarsa ya gaya maka magana fiye da wanda ya aiko.

Masu cewa ba a rawa da irin wannan kiɗa kuwa, gaskiyarsu. Ba don rawa aka yi shi ba. Ni ma in ina doguwar tafiya da rana barci na fizgata, ba shi nake kunnawa ba.

Saura kaɗan da ban taɓa jin sa ba

Wannan ne ya fi damuna. Manhajojin waƙa suna kawo maka irin abin da ka riga ka so, da abin da mutane da yawa suka saurara ba su tsallake ba. Waƙar da ke buƙatar minti ɗaya kafin ta buɗe, ana tsallake ta, manhaja ta ɗauka ba a so, ta rage nuna ta. Da a wayar abokina ta faɗo, da tuni ya danna gaba, kuma da dannawar nan ta zama ƙuri'a a kan mawaƙin ba tare da ya sani ba. Ni ma don hannuna na kan aiki ne na bar ta ta kai inda ta kama ni.

Ɓacewar irinsu ba yau aka fara ba. Nick Drake ya rasu a 1974 yana ɗan shekara 26, faya-fayansa ba su yi kasuwa ba. Sai a 1999, da kamfanin motoci na Volkswagen ya sa waƙarsa a talla, jama'a da yawa suka fara tambayar wane ne wannan. Sixto Rodriguez na Detroit ya fitar da kundi biyu, a 1970 da 1971, ba su karɓu a Amurka ba, ya koma aikin ƙarfi na gini da rushe gidaje. Ashe a Afirka ta Kudu ana ta miƙa waƙoƙinsa hannu zuwa hannu, har ana raɗe-raɗin ya mutu, shi bai sani ba. Sai a 1998 ya je can ya tarar da zaurukan wasa cike da mutanen da suka haddace kalmominsa.

Wani ya ji ya ba wani, abin da ya riƙe sunan Rodriguez ke nan sama da shekara 20. Ni ma shi ya sa na kunna wa abokina tun farko. Kuskurena shi ne a lasifikar waya na kunna masa, muna tsakiyar hira, ga hayaniya ta ko'ina. Abin da aka yi wa Laura Gibson a Austin na maimaita, sannan na zo ina jin haushi.

Sai na tura masa bidiyon na ce, "Don Allah ka bari sai dare, ka sa iyafis, ka kifa wayar, kada ka taɓa ta sai ya ƙare. Minti 12 ne kawai."

Kwana biyu shiru. A rana ta uku ya kira ni kan wata magana daban, har za mu yi sallama sai ya ce, "Af, Malam, a waƙa ta ukun nan, mene ne wannan abin da ke kuka a bayan fiyanon?" Na ce hamonika ce. Ya ce wa ke busawa? Na ce shi ne. Ya ce shi ɗin dai? Na ce shi ɗin dai.

Ya ɗan yi shiru, ya ce ta ukun ta yi, ya ji ta sau biyu. "Amma ta farkon nan," in ji shi, "har yanzu ina ganin da an sa mata 'yar ganga."